Mihirabin Da Ba A Salla A Gabansa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ba ɗan Adam ido, Ya kuma sanar da shi cewa za a tambaye shi abin da ya yi da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, neman abinci da neman ilimi sun kai ƴan'uwa da yawa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa zuwa manyan biranen Turai da Amurka, har wasu sun yi iyali a can. Wata rana sai yaro ya dawo daga makarantar boko da takarda a hannu, wai za a kai ajinsu gidan adana kayan fasaha, ana son uba ya sa hannu, in da hali ma ya raka su. Ko kuwa baƙo ya zo daga gida, a rasa inda za a kai shi ya buɗe ido, wani ya ce a je can. A nan ne mutumin da ke riƙe da wuridi safe da yamma yake tsayawa ya yi tunani. Gida ne cike da surori da gumakan mutanen dauri. Shin ya halatta ya shiga? In kuma ya shiga, me zuciyarsa za ta fito da shi?

Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya san kamannin abin: ɗakunan nuni a warwatse cikin lambu, mutane suna yawo a inuwa, yara suna guje-guje. Amma tambayar ta fi tsanani a wani wuri kamar gidan Metropolitan na birnin New York, don haka da shi za a yi misali. An kafa shi a 1870, ya koma mazauninsa na yanzu a 1880, a gefen gabas na babban lambun shaƙatawa da ake kira Central Park, wanda faɗinsa ya kai hekta 341 a tsakiyar birni. Baligin da ba mazaunin jihar ba yana biyan dalar Amurka 30, wato sama da jika 15 na sefa, mazaunin jihar kuwa ya ba da abin da ya ga dama. Miliyoyin mutane ke shiga a kowace shekara. Daga unguwar Harlem, inda ƴan Afirka ta Yamma suke da masallatai da shaguna da zawiyoyi, tafiya ce kaɗan, domin lambun a bakin unguwar ya ƙare.

Maganar fiƙihu ita ce farko, ba kuma a tsallake ta da sunan tasawwufi. Malaman mazhabar Imamu Malik, wadda ake bi a ƙasar Hausa, sun rarraba surori. Surar abu mai rai, mutum ko dabba, in tana da jiki har tana yin inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, yin ta haramun ne. In an zana ta ne a bango ko takarda ko tufa, ba ta da inuwa, hukuncin ya sauko zuwa karhanci ko barin abin da ya fi. In ta rasa gaɓar da mai rai ba ya rayuwa sai da ita, nan ma hukuncin ya yi sauƙi. Surar itace da dutse da jirgi babu laifi, an kuma yi rangwame ga ƴar tsanar yara mata. Masu sharhin Muhtasar na Shehu Halil, a babin walima, sun ƙara wata magana mai nauyi: kallon abin da aka haramta shi ma haramun ne, kuma wanda aka gayyata biki ya san akwai irin waɗannan mutum-mutumin a wurin yana da uzurin ƙin zuwa. Dalilin tsanantawar sananne ne. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu sunayen salihan bayi ne. Da suka mutu aka kafa musu alamu don tunawa, da waɗanda suka san dalili suka shuɗe sai jikoki suka bauta musu.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai shiga Metropolitan. Da ya wuce ƙofa ya tsaya a babban zaure, hagunsa ɗakunan Girkawa da Rumawa ne, cike da mutum-mutumin farin dutse, da yawansu tsirara. Damansa kuwa kayan tsohuwar Masar ne, gumaka da akwatunan gawa.

Sai dai akwai wani ɓangaren na magana da shi ma ba a jefar da shi. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma Suratu Yunus ta faɗi cewa an tsirar da jikin Fir'auna don ya zama aya ga na baya. Sahabbai sun buɗe Masar ƙarƙashin Amru ɗan Asi, gine-ginen fir'aunoni suna tsaye, suna kuma nan har yau. Ɗabari ya kawo a tarihinsa cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da ya shiga fadar Kisra a Mada'in, ya mai da babban zaurenta wurin salla alhali akwai surorin mutane da dawaki a ciki, bai kuwa cire su ba. Abin da ya fi waɗannan duka haskaka hanya shi ne abin da ya faru a Hijir, mazaunin Samudawa, a shekara ta 9 bayan hijira, lokacin da ake tafiya Tabuka. Manzon Allah (S.A.W.) bai sauya hanya don kada a ga gidajen da aka sassaƙa cikin duwatsu ba. Abin da ya hana shi ne a shiga wurin da zuciya a bushe. Ya ce in za a shiga a shiga ana kuka, don tsoron kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya ƙetare kwarin, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma.

Wanda ya haɗa ɓangarorin biyu zai ga cewa mai sassaƙa gunki daban, mai ajiye shi don girmamawa daban, mai wucewa ta gabansa yana izina kuma daban. Gunkin da ke cikin akwatin gilashi, an manna masa lamba da ɗan allo mai faɗin shekarunsa, ya riga ya sha kaye. Ba mai yi masa yanka, ba mai tsoronsa, yaran makaranta suna nuna shi da yatsa suna dariya. Duk da haka, ɗan'uwan da ya ce shi ba zai shiga ba don tsantseni, yana da hujja a hannunsa, kuma ba daidai ba ne wanda ya shiga ya riƙa yi masa kallon baƙauye. Tsiraici kuwa babu jayayya a kansa, na dutse ne ko na fenti, ido a kau da shi. Gidan yana da taswira, ƙofofi da matakala suna da yawa, mutum yana iya zaɓen hanyarsa. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu a takardar yaro.

A ɗauka ɗan'uwa ya tambaya, ya kuma shiga. Can ƙarshen ɓangaren Masar zai tarar da ɗakin bauta sukutum, an tsugunar da shi cikin wani makeken zaure mai bangon gilashi da ke kallon itatuwan lambu. Sunansa Dendur. An gina shi a bakin kogin Nilu, ƙasar Nuba, wajen shekara 10 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), zamanin sarkin Rum Agustus. Bayan ƙarnoni aka mai da shi majami'ar Nasara. Da aka tashi gina babban dam na Aswan, ruwa zai haɗiye shi, sai aka kwance shi dutse bayan dutse, Masar ta ba Amurka shi kyauta a 1965, aka buɗe shi a nan a 1978. A jikin duwatsun akwai sunayen matafiya Turawa na ƙarni na 19, kowa ya kankare ya rubuta nasa da shekarar zuwansa. Sarkin da ya sa aka gina, da bokayen da suka yi tsafi a ciki, da limaman majami'a, da masu rubuta suna don kada a manta da su, duk ƙasa ta rufe su. Mai tsayawa nan da zuciya mai rai ya sami abin da aka nema a Hijir. Amma yawanci abin da ake yi shi ne a juya wa ginin baya, a ɗaga salula, a yi murmushi. Wannan ma ai rubuta suna ne a jikin dutse, salon zamani.

Abin da ya fi taɓa Musulmi yana hawa na biyu, a ɗakuna 15 na fasahar ƙasashen Musulunci, waɗanda aka sake buɗewa a watan Nuwamba na 2011. Akwai tsakar gida irin ta Maroko, da magina daga birnin Fas suka zo suka sassaƙa da hannu a nan take. Akwai ɗakin karɓar baƙi na wani gida a Dimashƙa, mai tarihin 1707, da yabon Annabi (S.A.W.) a rubuce da ruwan zinariya a saman bangonsa. Akwai fitilun masallaci na gilashi daga Alƙahira, da takardun Alƙur'ani, ciki har da wata da aka rina fatarta da baba aka yi rubutun da zinariya. Sannan akwai mihirabi.

Wannan mihirabin, wato ɗan lungun da ke nuna alƙibla inda liman ke tsayawa, daga makarantar Imami ya fito, a birnin Isfahan na ƙasar Iran. An yi shi a shekara ta 755 bayan hijira, daidai da 1354 zuwa 1355. Tsayinsa ya kusa mita uku da rabi. An haɗa shi ne da ƙananan gutsattsarin tangaram masu ƙyalli, shuɗi mai duhu kamar baba, da shuɗi mai haske, da fari, kowane an yanka shi da hannu daidai gurbinsa, har haruffan rubutu. Wanda ya san wahalar magini ko maɗinkin aska takwas zai gane abin da wannan aiki ya ci na ido da haƙuri. An ciro shi daga bangon makarantar a ƙarshen shekarun 1920, aka nuna shi a Landan a 1931, Metropolitan ya saye shi a 1939.

Rubutu uku ne a jikinsa. Wanda ke kewaye da bakan lungun hadisin nan ne na ginshiƙan Musulunci biyar. Na tsakiya, daidai inda idon mai salla zai sauka, hadisi ne da ke cewa masallaci gidan mai taƙawa ne. Na waje kuwa, wanda ya zagaye shi gaba ɗaya da manyan haruffa farare, ayoyi ne daga Suratu Tauba, ta 18 zuwa ta 22, masu bayanin su wa ke raya masallatan Allah. Ga ayoyin raya masallaci a tsaye, ga kuma mihirabi da ba a yi sahu a bayansa ba kusan shekara ɗari. Babu ladani, babu tabarma, babu takalma a bakin ƙofa. Mutane na wucewa da takalmansu, suna yaba launi, mafi yawansu ba su san rubutu ne ba ma, ado suka ɗauke shi.

Ba a ce babu alheri a ciki ba. A nan ruwa ba ya dukansa, gishirin ƙasa ba ya cinsa, ana auna zafi da laimar ɗakin dare da rana. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofar masallaci ba, waɗanda abin da suka sani game da Musulunci bai wuce labaran yaƙi a talabijin ba, suna tsayawa gabansa su yi shiru. Allah ne Ya san zukata nawa suka fara laushi a wannan ɗaki. Yaron da aka haifa a Bronx, wanda ake yi wa dariya a makaranta saboda sunansa, in ya ga malaminsa Bature yana bayanin wannan aiki da girmamawa, wani abu yana miƙewa a ƙirjinsa, kuma uban da ya raka shi zai iya karanta masa abin da malamin ba zai iya ba. Amma duk da wannan, an yi mihirabi ne don a fuskanci abin da yake nunawa. Mai salla a Isfahan, shekara ɗari shida da suka wuce, da ya yi kabbara kyawun tangaram ya gama aikinsa, ya miƙa shi ga Wanda ake fuskanta. A gidan nuni kuwa an juya al'amarin, ido ya tsaya a kan mai nuni.

Sau da yawa ma ido ba ya tsayawa. A 2001 wasu masu bincike biyu, Jeffrey Smith da Lisa Smith, sun wallafa abin da suka gani bayan sun lura da baƙi 150 a wannan gida, gaban shahararrun zane-zane shida. Matsakaicin tsayuwar mutum gaban zane daƙiƙa 27 ne, rabin mutanen kuwa ba su wuce daƙiƙa 17 ba. Aikin da wani ya ba watanni ko shekaru, an gama da shi kafin a karanta Fatiha a tsanake. Lokacin kuma salula mai ɗaukar hoto ba ta cika hannun mutane ba tukuna. Wannan cuta ba ta masu zuwa gidan nuni kaɗai ba ce. Ita ce cutar mai jan carbi yana lissafin kasuwa, da mai sauke izu sittin cikin azumi bai tsaya a aya ɗaya ba. Muridi da aka yi wa tarbiyya a kan muraƙaba da tafakkuri ya kamata ya fi kowa iya tsayawa gaban abu ɗaya. Gara ya zaɓi abu uku a gidan duka ya ba kowane rubu'in awa, da ya zagaye ɗaki ɗari ya fito da ciwon ƙafa da hotuna.

In ya tsaya, me zai gani? Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya buga misali a Ihya'u da tururuwa mai tafiya a kan takarda, ta ga bakin alƙalami yana baƙanta farar takarda, sai ta ɗauka alƙalami ne ke yin rubutu, domin ganinta bai kai ga yatsu ba, balle hannu, balle nufin marubuci. Mai kallon mihirabi yana iya tsayawa a kan shuɗi. Yana iya wucewa zuwa ga mai yankan tangaram, wanda ba a san sunansa ba, ya yi masa addu'a, domin ɗan'uwa ne Musulmi da ya yi aikinsa da ihsani. Yana iya wucewa gaba zuwa ga Wanda Ya halicci yumɓu da wuta da yatsu, Ya kuma sanya wa ɗan Adam jin daɗin daidaito, har ya zamana zuciya tana natsuwa in layi ya haɗu da layi. Hadisi ingantacce a Sahihu Muslim ya siffanta Allah da kyau da son kyau, kuma wannan natsuwar reshe ce daga can.

Sai dai a nan akwai rami, kuma masu bin tafarkin sufaye sun fi kowa kusa da bakinsa. Abu ne mai sauƙi mutum ya ce shi yana ganin jamalin Allah cikin kowane abu, alhali ransa ne ke kiwo. Shehunnan ƙwarai sun daɗe suna gargaɗi a kan masu fakewa da wannan magana don su saki ido inda shari'a ta ce a tsare. Ma'aunin ba ya da wuya. Kallon da ya kai mutum ga Mai halitta yana barin sa da ƙanƙan da kai, da marmarin sujada. Kallon da rai ya ci yana barin sa da kwaɗayin ƙari, ko son mallaka, ko son a san ya je. Kowa ya san da wanne ya fito, ko bai faɗa wa kowa ba.

A cikin taskar wannan gida akwai wani littafi da ya kamata ƴan ɗariƙa su san da shi, ko da yake ba kullum ake fitar da shafukansa ba, saboda haske yana cin launi. Kwafi ne na Manɗiƙuɗ Ɗairi, waƙen Shehu Fariduddini Aɗɗar a kan tsuntsayen da suka fita neman sarkinsu da jagorancin alhudahuda, aka rubuta shi a Herat a 1487. Wajen 1600 wani mai zane, Habibullahi, ya ƙara masa shafi: tsuntsaye iri-iri sun taru a bakin rafi, alhudahuda na bisa dutse yana yi musu jawabi. Can gefe, bayan duwatsu, ga wani mutum riƙe da bindiga. Yana wurin da ake maganar tafiya zuwa ga Sarki, yana ganin abin da kowa ke gani, amma nama ya zo nema. Mai shiga gidan nuni, ko ma mai shiga halƙar zikiri, sai ya duba ko cikin tsuntsaye yake ko bayan dutse.

Akwai kuma tambayar haƙƙi, wadda kyawun abu ba ya shafe ta. Ta yaya kayan nan suka zo? Wasu kyauta ne kamar Dendur, wasu saye ne na zamanin da mai ƙarfi ke yanka farashi, wasu kuma sata ce tsagwaronta. A 2017 gidan ya sayi akwatin gawa mai ruwan zinariya na wani boka na tsohuwar Masar a kan kusan dala miliyan 4, daga baya ya bayyana cewa an sace shi ne a 2011 aka yi masa takardun ƙarya, aka mayar da shi Masar a 2019. A 2021 an mayar wa Najeriya allunan tagulla biyu na masarautar Benin. Lambun da ginin ke ciki ma yana da nasa labarin: a 1857 an tashi wani ƙauye mai suna Seneca, wanda mafi yawan mazaunansa baƙaƙen fata ne masu gidajen kansu da majami'u da makaranta, don a shimfiɗa ciyawa. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan magana. A 2020 gidan ya yi baje kolin fasahar Sahel, aka kawo mahayin dokin nan na yumɓu da aka tono a Bura, yankin Tera, inda masanin tarihi Boubé Gado ya yi aikin haƙa a shekarun 1980. Shi dai aro aka yi daga cibiyar bincike ta jami'ar Abdou Moumouni, ya je ya dawo da mutuncinsa. Amma kayan Bura da yawa an tone su da dare an sayar, har aka sa su cikin jerin kayan Afirka da ake gargaɗin masu saye a kansu. Kuma wanda ya riƙe galma ya tona ba daga Turai ya zo ba. Adalci ya sa a faɗi wannan, a kuma faɗi cewa littattafan kakanni masu yawa, rubutun hannu na malamai, gara da ɗigar ruwa ne suka cinye su cikin adaka a zauruka, ba wani baƙo da ya taɓa su. Mai ziyara ba alƙali ba ne, ba kuma shi ya yi ƙwacen ba, amma ya karanta ɗan allon da ke gefen kowane abu, inda ake rubuta shekarar da ya shigo da hanyar da ya biyo, kada sha'awa ta sa ya manta cewa wani wuri akwai bango mai gurbi.

A garin Yama, cikin jihar Tawa, akwai masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Damina tana zaizaye shi, jama'ar gari suna sake yaɓe. Ba zai taɓa samun kulawar da mihirabin Isfahan ke samu ba, amma ana kiran salla a cikinsa sau biyar. Da za a tambayi mai yankan tangaram na Isfahan wanne yake so wa aikinsa, da wuya ya yi jinkirin amsa.

Abin tsoron shi ne mutum ma yana iya zama irin wannan mihirabi. Rawani ya naɗu, carbi mai tsada, murya mai daɗi a wurin bege, lafazi ya gyaru, silsila a haddace, hoton zawiya yana yawo a WhatsApp, duk wanda ya gani ya ce masha Allah. Ayoyi a rubuce a jikinsa da kyakkyawan hannu. Sai dai an daɗe da ciro shi daga bangonsa, ba abin da ke yin sujada a ciki, ya koma abin kallo, har shi kansa ya shiga sahun masu kallon. Riya ke nan, ba ta kuma shigowa da ƙara. Mihirabin New York ba shi da laifi, ɗauko shi aka yi. Mutum kuwa da hannunsa yake kwance kansa gutsure-gutsure ya jera a inda za a gani.

Gazali ya kawo wani labari a babin abubuwan mamakin zuciya. Mutanen Sin da mutanen Rum suka yi gasar zane gaban wani sarki. Aka ba su zaure ɗaya, kowa da bangonsa, aka sa labule a tsakani. Rumawa suka tara launuka marasa iyaka suka duƙufa. Mutanen Sin ba su karɓi launi ko ɗaya ba, sai goge bangonsu suke yi suna ƙara gogewa. Da Rumawa suka ce sun gama, su ma suka ce sun gama. Aka yi mamaki, aka yaye labule, sai ga duk abin da Rumawa suka zana ya bayyana a bangon Sin, ya ma fi haske, domin ya zama madubi. Gidan nuni aikin Rumawa ne, an tara launin duniya a wuri ɗaya. Abin da kowane mai shiga zai gani ya danganta da irin gugar da bangonsa ya sha kafin ya zo, a asubahin da ba kowa, da wuridin da ba a ɗauka a salula ba.

Ɗan'uwan da ya rako ɗansa zai duba agogo ya ga La'asar ta yi. Ba zai yi salla gaban mihirabin ba, mai gadi na tsaye, kuma ba don haka aka ajiye shi a nan ba. Zai sauko ta matakala, ya fita ta babbar ƙofa, ya zagaya bayan ginin ya shiga lambu, ya nemi wuri mai tsabta ƙarƙashin itace nesa da masu karnuka. A gida ya saba da cewa gabas ita ce alƙibla, amma daga New York sai an karkata arewa maso gabas, wajen digiri 58 daga arewa. Ya shimfiɗa rigar sanyinsa a kan ciyawa, ya jawo yaron ya tsayar da shi a damansa, ya yi iƙama.